Ayarin Magagi da Jiragen Marsai

Marsai, ƙasar Faransa
Jimada Lawwal, 1337

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga Kailu ɗan Magagi zuwa ga yayana Baƙo, a unguwar fatake, Filinge. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Baba, ina Inna Habsa, ina matarka Safi da ɗiyanta?

Yaya, ina da rai. Ka fara faɗin wanga kahin ka karanta sauran. Yaƙin Nasara ya ƙare. Na bar yatsu biyu na hannun hagu can cikin taɓon ƙasarsu, sauran jikina duk yana nan. An tara mu bakin teku a wani birni da ake ce ma Marsai, muna jiran jirgin ruwan da zai maishe mu gida. Da sunka ga zaman banza zai lalata mu, sai anka raba mu aiki. Ni anka ba masu jirgin cikin gari.

Yaya, gani ya kori ji! Ka ɗauka ɗaki ne na katako mai tagogi, an aza shi bisa ƙarahuna biyu da anka shimfiɗa tsakiyar hanya, shina gudu ba doki ba takarkari. Wata sanda ce bisa kainai take lasar waya, wuta irin ta walƙiya na gudu cikin wayar, ita ke tura shi. Taram suke ce mishi. Sun hi ɗari a garinga. Ran da na fara ganin guda ya taho, na ja da baya har na taka wani tsoho, ya zage ni da harshensu, na ba shi haƙuri da nawa.

Amma ba gudun ne ya hana ni rufe baki ba. Aikina tsayuwa ne a wata mararraba kusa da bakin ruwa, da sandar ƙarhe, ina karkata hanya in jirgi zai yi dama ko hagu. Tun da nike tsaye nan na lura da abu guda. Tsakanin jirgi da jirgi, gwargwadon ka yi alwala ka yi raka'a biyu ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Su suna ce minti bakwai. Da sahe haka, da rana haka, ran Lahadi ma da ba su aiki sai dai a ɗan ja shi. Kuma ba ya jiran ya cika! Na ga ya tashi da mutum biyu tak, kujeru wayam. Na ce ma matar da ke tuƙa shi, don mata ne ke tuƙi tun da mazansu sunka tahi yaƙi, na ce, "Madam, ba ki dakata a samu mutane?" Ta nuna mini agogo, ta taka ƙararrawa, ta yi gaba abinta.

La ilaha illallahu. Gari guda, mutane awa tururuwa, kuma kowa ya san lokacin da abin hawanai zai zo.

To ku fa? Sanyi ya kusa hita, na san yanzu ayari ko shina Yamai ko shina hanyar komowa. Wa ke riƙe da jakaina? Jakin nan mai tsagaggen kunne shina cizo har yau? Ka gaishe da Baba, ka ce ina neman gafara da addu'a. Ka aiko amsa ta biro, wato ofishin kumandan, tana iske ni. Wasalam.

Ƙanenka Kailu

*

Filinge
Sha'aban, 1337

Daga Baƙo zuwa ga ƙanena Kailu. Bayan gaisuwa, mun ga takardarka. Alhamdu lillahi. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe, sannan ta zamna ta yi kukan yatsu biyu awa ba sauran takwas ne anka bar mata ba. Safi ta ce ko da ma ba ka iya komi da hagu ba.

Ɗaki mai gudu kuma! Kai da ko jaki sai an kama maka kake hawa. To, mun ji. Malam Issa ya sa na karanta wurin nan sau ukku a ƙofar masallaci, wasu sun ce gaskiya ne, wasu sun ce sanyi ya taɓa ka.

Ka tambayi ayari. Na so in ɓoye, amma ɓoyon ba shi da amfani. Kailu, ayarin gidanmu bai sake tashi ba tun ran da anka kama ka. Shekara ukku ke nan.

Kai ka san farkon zancen: muna zangon Yamai, Baba ya aike ka ka shayar da jakai bakin gulbi, masu kamen soja sunka haɗa da kai. Abin da ba ka sani ba shi ne jakan sun komo su kaɗai. Baba ya hana a ɗora kaya. Kwana goma sha ɗaya munka yi a zangon nan, shina yawo daga biro zuwa biro, har guzuri ya ƙare, fatake sunka fara cin hatsin saidawa. Sai da tsohin ayari sunka yi mishi rantsuwa sannan ya yarda munka juyo.

Da kaka ta zagayo munka shirya awa kullum. An ɗaure kaya, an taru bakin kasuwa da asuba. Ka san al'adar gidanmu tun kakanmu: madugu shina kiran kowa da sunanai, sai kowa ya amsa sannan shi ce a ɗora. Baba ya kira, ana amsawa, ana amsawa, har ya kai ga Kailu. Shiru. Ya sake kira. Ni na ce, "Baba, ai ka san inda yake." Ya dube ni ya ce, "Madugu ba ya tashi da mutum guda a baya. Ni na aike shi. A sauke." Anka sauke. Bara ma bai bari an ɗaure ba.

Na roƙe shi ya ba ni jagora, ya ƙiya, kuma ba ni tsallake maganatai in ja ayari da sunanai. Yanzu Haruna na Damana ne ke kwashe fataken ƙasarmu ta Kurfai. Hanyar da kakanmu ya buɗe, rijiyoyin da anka san mu, masu masaukin da ke yanka mana kaza, duk suna komawa hannun wani. Zuciyata na ƙuna, ba ni ɓoye maka.

Da na karanta mishi takardarka ya yi hamdala, ya ce, "To, sai mu jira shi." Don haka ka yi sauri. Ka bar kallon ɗaki mai gudu ka nemi jirginka. Kowa na gaishe ka. Wasalam.

Yayanka Baƙo

*

Marsai
Shawwal, 1337

Daga Kailu zuwa ga Yaya Baƙo, gaisuwa da barka da shan ruwa.

Takardarka ta iso, na karanta ta tsaye, sai da na nemi wuri na zamna. Wallahi ban sani ba. Duk shekarunga in abin duniya ya ishe ni cikin ramin yaƙi, sai in ce yanzu ayari ya kai Damana, yanzu sun sauka Baleyara, da haka nike samun barci. Ashe ayarin na zamne gida saboda ni.

Zancen sauri, Yaya, ba a hannuna yake ba. Sau biyu ana kiran sunaye, ana ɗibar mutanen Senegal da na Sudan, mu na Nijar ana ce mu dakata. Jirgin ruwa ba awa jirgin gari ba ne, babu mai iya gaya maka ranatai. Ko sarjanmu bai sani ba.

Bari in ba ka labarin abin da na gani, ko zai rage maka haushi. Akwai wani tsoho gajere a babban gidan jiragen, ni ina ce mishi Mai Agogo, don guda biyu gare shi, ɗaya a aljihu ɗaya a wuyan hannu. Wata rana anka aike ni ɗakinai. Bango guda cur takarda ce, an ja mata zane-zane ja da baƙi suna gilma juna. Na ɗauka hatimi ne. Ya yi dariya ya ce kowane zane jirgi guda ne, daga hitarsa da asuba har komawarsa. Ya aza yatsa ya ce, "Wanga yanzu shina gaban kasuwar kifi." Ya ja ni taga. Yaya, ga shi nan gaban kasuwar kifi! Mutum na zamne cikin ɗaki, ya san inda jirgi ɗari suke, kuma tun watanni ya rubuta hakan.

Ya nuna mini wasu jirage shidda a rumfa, lahiyarsu lau, an share su, matuƙansu na zamne suna shan taba. Na ce waɗanga fa? Ya ce aikinsu ke nan, zama. In wani ya lalace a hanya, a janye shi gehe, guda cikinsu ya shiga gurbinai kahin masu jira su ankara. Ka tuna yadda Baba ke tahiya da jaki biyu ba kaya, mutane na ce mishi ɓarna? Kuma kowane jirgi in ya kai ƙarshen hanya ana ba shi ɗan hutu, don in ya makara ya biya a nan, kada ya ɗauki makarar ya kai ma tahiya ta gaba. Ya ce sai da sunka tsaya bakin hanya wata da watanni suna ƙirga masu hawa, sahe da marece, sannan sunka san inda za a yawaita jirgi da inda za a rage.

Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Ba su da tausai wajen tashi. Kullum sai na ga mutum ya sheƙo a guje, hannu sama, saura taki goma, jirgi ya tashi ya bar shi. A nan kam na ce Baba ya hi su. Hikima gare su, amma mu ba mu barin mutum.

Ka ƙara haƙuri da tsoho. Ka gaishe da Inna, ka ce yatsun da sunka rage suna cin tuwo in sun samu. Wasalam.

Kailu

*

Filinge
Zulhajji, 1337

Daga Baƙo zuwa ga Kailu. Gaisuwa, da barka da layya.

Haƙuri! Kai ma haƙuri za ka ce mini? Na karanta ma Baba inda ka ce ya hi su, ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana ne." Madalla, ka ƙara ma wuta kara.

To saurara. Hatsi ya yi kyau bana, rumbuna za su cika. Shekaranjiya manyan fatake sun zo zaure, Sule mai fatu da Hauwa mai kanwa da sauransu. Sun yi magana da ladabi, amma sun yanke. Sun ce shekara ukku suna bin Haruna da aro, suna ce mishi mu na Magagi ne. Bana ya ce ko su shiga ayarinai gaba ɗaya su yi alkawali, ko su nemi wani. Sun ba mu har ƙarshen Rabi'u Sani. In ayarinmu bai tashi ba, sun tahi ke nan, kuma wanda ya yi alkawali da wani madugu ba ya komowa. Hauwa har da hawaye, ta ce uwarta ma kakanmu ta bi.

Baba ya ce su yi abin da ya hi musu.

Kailu, ni na gaji da jiran gawon shanu. In za ka iso kahin lokacin, to. In ba ka isowa, kada ka sake rubuto mini labarin agogo. Ka rubuta ma Baba, shi da kainai. Maganata ba ta shiga kunnenai, taka ce kaɗai ta rage. In madugunci ya hita gidanga, ba ni da abin da zan nuna ma ɗiyana in ce wanga namu ne.

Ka yahe mini zahin baki. Wasalam.

Baƙo

*

Marsai
Safar, 1338

Zuwa ga mahaihina Madugu Magagi. Gaisuwar ɗa ga uba, da durƙuso da neman gafara. Allah shi ƙara maka lahiya da nisan kwana.

Baba, ban taɓa rubuto maka kai tsaye ba, kunya ta hana. Yau dole ta sa. Ba ni isowa kahin Rabi'u Sani. An ce wataƙila bayan sanyi, wataƙila kuma ba haka ba. Amma ba wanga ne kaɗai zan faɗa ba. Na yi wani laihi a nan, ina so ka ji shi daga bakina.

Akwai wata tsohuwa mai saida kifi da ke hawa jirgi a mararrabata kowace sahiya. Tana gaishe ni, wani lokaci ta miƙo mini soyayye cikin takarda. Ran nan ana ruwa, na hango ta ta makara, tana gudu da kwando a ƙugu. Matuƙiya ta taka ƙararrawa za ta tashi. Baba, ban yi shawara ba. Na shiga gaban jirgin na tsaya tsakiyar ƙarhe, na ɗaga sandata, na ce da Hausa, "Mutum bai cika ba!" Tsohuwa ta zame, kifi ya watse, na tahi na taya ta tsincewa, jirgi na tsaye. Duk abin bai wuce minti huɗu ba. Na aza ta ciki, na koma wurina ina jin na yi abin da ɗan Magagi zai yi.

Ban ankara ba sai ga Mai Agogo, tsohon da ke tsara tahiyar jiragen, a kan keke, jiƙe sharkaf. Na ce yau kashina ya bushe. Bai zage ni ba. Ya kama hannuna ya ce, "Taho ka gani." Munka bi jirgin da na tsare munka hau.

A matsaya ta farko mutanen da sunka taru sun ninka na kullum, don sun daɗe suna jira. Kahin su gama shiga an ƙara makara, jirgi ya cika maƙil. Matsaya ta biyu mutane sun hi haka, ba wurin ko ƙafa guda, munka wuce su suna ɗaga hannu cikin ruwa. Na ga mace da yaro a goye ta lulluɓe shi, gidan likita za ta. Na ga 'yan dako wajen ashirin, waɗanda in an rufe ƙofar tashar jirgin ruwa ba su shiga ba, ranar nan ba abinci gidansu. A hawan tudu hanya guda ce, mai gangarowa sai ya jira mai hawa, shi ma ya tsaya da nashi mutanen. Na waiga baya, sai ga jirgi ukku sun biyo mu hanci da wutsiya, kusan ba kowa ciki. Minti huɗuna sun zama rabin sa'a a ƙarshen gari. Sai da azahar tsohon nan ya maida abin daidai: ya tsaida wanga, ya juya wancan tun bai kai ƙarshe ba, ya hiddo guda daga rumfa.

Ya ce mini, "Kai ka ga mutum guda, don tana gabanka. Ni aikina in ga waɗanda ba ka gani."

Washegari tsohuwar ta zo. Na zaci godiya za ta yi. Ta ce, "Ɗana, mi ya kai ka? Ruwa nike gudu. In wanga ya tahi, wani na tahe, na sani." Ta ba ni kifi ta hau abinta.

Baba, wanga magana ta kwana ta tashi da ni. Na ce ba su da tausai, ashe ban gane ba ne. Mutumin da jirgi ya bari bai ɓace ba, don ya san wurin tsayawa, ya san lokacin da wani zai zo. Jirgin da ya ƙi tashi shi ke zubar da mutane, can inda matuƙi ba ya ganinsu.

Ka gafarce ni, ba ni koya maka madugunci, kai ka koya mini. Amma Baba, ba a baya nike ba. Ina gaba. Duk ran da anka sake ni, Yamai za a sauke ni, ba ni da jaki, ba ni da guzuri, da hannu guda da rabi. In ayarinka na zamne Filinge, wa zan iske? Sai in bi Haruna in shigo garinmu a bayan jakin wani. Ba kai ka kama ni ba, aike ka yi awa yadda kowane uba ke aiken ɗa, kuma ban taɓa riƙe ka da shi ba ko sau ɗaya.

Abin da nike roƙo: ka tashi. Ka sa rana sananna a kowane wata da za a iske ka Yamai, kada ta motsa don kowa, har ni. Ka gaya mini ranar, ni zan nemi ayari.

Ka sa mini albarka. Ina gaishe da Inna.

Ɗanka Kailu

*

Zangon Damana
Ukku ga Rabi'u Sani, 1338

Daga Madugu Magagi zuwa ga ɗana Kailu, ta hannun Malam Issa da ke tare da mu. Gaisuwa. Allah shi yi maka albarka.

Takardarka ta zo. Ka yi ma uban da ya haife ka wa'azi, ban ji daɗi ba, na sa an karanta mini sau huɗu.

Mun tashi jiya, mutum arba'in da ɗaya, jakai da takarkarai sun hi ɗari. Na waiwaya sau ukku kahin mu hita gari, ba ni ɓoye maka.

Ran goma ga wata muna Yamai, kowane wata, har ruwa shi sauka. Kwana biyu ne, ba ukku ba. In ka iso ka iske toka da sawun jakai, kada ka biyo mu, kada ka bi kowa. Zamna nan. Muna komowa.

Wasalam.